Shekara nawa ana kamen 'yan wiwi, me ya ragu?

Jiya bayan sallar isha'i ina dawowa gida na biyo ta bayan firamaren unguwarmu, tun kafin na kai kwanar warin ya tare ni, wannan warin da ko ba ka taɓa sha ba ka san shi. Yara ne su kusan bakwai a jikin katanga, wutar naɗin tana zagayawa daga hannu zuwa hannu, babban cikinsu bai fi shekara ashirin ba. Ɗaya ya ɓoye hannu a baya ya ce "Yaya sannu da dawowa", wallahi sai da gabana ya faɗi, don ranar sunansa ni na riƙe ƙafar ragon da aka yanka.

Yaron nan an taɓa kama shi bara da ƙulli biyu a aljihu. Mahaifiyarsa ta shigo gidanmu da sassafe mayafi a karkace tana cewa Malam ka taimaka min sun tafi da shi, akuyarta guda ta sayar aka haɗa da abin da dangi suka tara kafin ya fito. Ya yi wata biyu da wani abu a tsare. Toh da ya shiga wiwi kaɗai ya sani, da ya fito ya san ƙwayoyin tiramol da roci, ya kuma san lambar dilolin da bai taɓa jin sunansu ba, don a can ciki aka haɗa shi da manyan 'yan harkar. Wanda yake sayar masa kuwa yana nan a inda yake, ko kwana ɗaya bai rufe ba.

Mutane da yawa in ana hirar nan sai su ce ai dokar ce ba ta da zafi, a tsananta kawai. Gaskiya wannan maganar ba ta zauna min ba. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar tabar wiwi wadda ta kai har hukuncin kisa ga mai nomanta, mai sha kuma shekara goma a gidan yari. Zamanin mulkin soja na Buhari a 1985 an harbe mutum uku a Legas kan safarar hodar iblis, kowa ya ji. A 1989 aka yi dokar da ta kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma a cikin dokar wanda aka kama yana shan wiwi ko yana riƙe da ita zai iya shan ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Wane zafi ne ya rage kuma? Amma duk da haka binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, kuma miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha. Shekara hamsin da ɗoriya ana kame ana ɗauri, adadin nan aka samu.

Kuma abin ma ya canza kama. Wiwin da muka sani da, ganye ne da ake nomawa a dazukan Ondo da Edo da Delta a loda a mota a ɓoye cikin kaya a hauro da shi Arewa. Yanzu yara suna maganar sababbin nau'o'i irin su Loud da Arizona da Kolos, wasu daga waje ake shigo da su har daga Kanada, wasu kuma an fesa musu sinadari ne, shi ya sa za ka ga yaro ya ja sau biyu ya faɗi yana birgima a kwata kamar mai farfaɗiya. Haka aka yi da kodin, a 2018 bayan rahoton BBC gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, kuɗin kwalba ya tashi, waɗanda ba su iya saye suka koma wani abin. Ka toshe nan ta ɓulle can.

Kar wani ya ce ina kiran a halatta. A'a. Addinina ya haramta duk abin da ke gusar da hankali, kuma na je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano dubiya na ga samarin da wiwi ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, wani yana zaune yana ta magana shi kaɗai uwarsa na gefe tana share hawaye da bakin zani. Ko Tailan da ta sake wa abin mara a 2022 daga baya sai da ta dawo tana ɗaure shi. Abin da nake cewa shi ne a bambance mai sha da mai sayarwa. Fotugal tun 2001 ta daina kai mai ɗan abin shansa kurkuku, sai a tura shi gaban wani kwamiti da zai duba ko magani yake buƙata, dila kuma har gobe ɗaure shi ake yi.

Mu nan in uwa ta gaji da ɗanta ina za ta kai shi? Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato sun yi kaɗan ga yawan jama'ar, ga kuɗin gado da na magani, shi ya sa iyaye suke kai yara gidan mari, kuma duk mun ga abin da aka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen nan ba mugunta ce ta sa su ba, rashin wajen zuwa ne.

Ban musa ba, tun da Buba Marwa ya karɓi NDLEA a 2021 ana ganin kamen manyan kaya da ƙona gonaki, wannan aikin shi ne daidai kuma a ci gaba. Sai dai akwai waɗanda har yanzu hannu bai kai kansu ba, masu raba wa yara kuɗin caji lokacin kamfen don su yi musu jagaliya, zaɓe na wucewa su watsar da su a bakin kwalbati. Su ma dilolin ne a wajena.

Da safen nan na aika aka kira min yaron. Ya zo ya tsuguna kansa a ƙasa, na ce masa akwai wani mai walda a bakin titi da ya yarda zai ɗauke shi koyon aiki in zai iya zuwa ƙarfe takwas kullum. Ya yi shiru ya ce Yaya zan gwada, amma in ban sha ba bacci ba ya zuwa min.