Asabar, ni da Kawu da Umar Mukhtar

Yau babu makaranta, na ci burin barcin safe, amma ina! Ƙarfe bakwai uwargida ta ce gas ya ƙare, ga wake bai nuna ba. Na ɗaure tukunyar a bayan mashin na tafi, na tarar kuɗin ya sake hawa. Na biya kawai, bakina alaikum.

Kawu yana gidanmu tun shekaranjiya. Ganin likitan ido ya zo, an ce masa sai Litinin. Mutumin da ya saba da gona, zaman falo duk ya gundure shi. Bayan azahar na ce, "Kawu, ko in sa maka wani abu ka kalla?" Ya ce, "In kana da fim ɗin tsohon nan na Libiya mai farin gemu, sa mini. In babu, ƙyale ni da rediyona."

Lion of the Desert yake nufi, wato fim ɗin Umar Mukhtar, dattijon da ya jagoranci 'yan Libiya a yaƙinsu da Italiya. Kawu ya yi ci-rani a Libiya yana saurayi, ya bi ta Agadas ya yi leburanci a Sabha, daga baya ya gangara Bangazi. Ya ce tun kafin ya san tarihin dattijon ya san fuskarsa, domin ita ce a jikin takardar dinari goma. Na jona wayata da talabijin. Babban ɗana ya leƙo, ya ga ba fassarar Indiya ba ce, ya taɓe baki zai fice. Kawu ya ce, "Kai, zauna nan." Ya zauna yana kumbure-kumbure.

Mustafa Akkad ne ya shirya fim ɗin, ɗan Siriya haifaffen Halab, shi ne kuma ya yi Ar-Risala. Ya fito a 1981, gwamnatin Gaddafi ta zuba masa wajen dala miliyan 35, ko kusa da uwar kuɗin bai mayar ba. Anthony Quinn ne ya fito a Umar Mukhtar. Kawu dai har yanzu bai yarda ba Balarabe ba ne. Na ce haifaffen Meziko ne, ya ce to lallai a zuriyarsu akwai Balarabe. Na bar shi a haka.

Abin da ya zaunar da yaron daram shi ne wurin da mayaƙan suke lanƙwashe gwiwa su ɗaure ƙafafunsu da igiya, don kada ƙafa ta gudu da mai ita idan tankoki suka taho. Na ga ya ajiye wayarsa a kan tabarma, ya matso gaba. Kawu ko ƙifta ido ba ya yi, da wannan idon nasa mai yana-yana, sai "Allahu Akbar" yake ta yi ƙasa-ƙasa yana jan carbi.

Ana tsakiyar abu wuta ta ɗauke. Muka fito tsakar gida muna jira, a nan muka ɗan taɓa musu. Kawu ya ce da ba don munafukai ba, da Italiya ba ta taɓa kama shi ba. Ban musa akwai munafukai ba, fim ɗin ma ya nuna manyan da suka zaɓi albashi da zaman lafiya. Amma ni a wurina ba su ne suka karya shi ba. Italiya ta shiga Libiya a 1911, ta kwashe shekara ashirin tana fama da mutanen da yawansu bai taka kara ya karya ba, ga ta da jiragen sama da motoci masu sulke. Me ya riƙe su? Talakawa. Makiyayan Jabal Akhdar ne suke ba su sha'ir da dabino, su ɓoye masu rauni, su fitar da ushuri, har da waɗanda a takarda sun yi mubaya'a ga Italiya. Shi ya sa ake cewa da rana mulkin Italiya ne, da dare kuwa na Sanusiyya, ɗariƙar da mayaƙan suke bi.

Da Turawan suka gane haka sai suka bar neman mahaya dawaki, suka juya kan masu ciyar da su. A 1930 aka kwashe mutum wajen 100,000 daga tsaunukan, aka kora su a ƙafa, tsofaffi da mata da yara, zuwa sansanonin da aka kewaye da waya a bakin sahara, irin su Suluk da Magrun da Buraiƙa da Agaila. Wanda ya gaza a hanya a harbe shi. Dubun-dubata suka mutu da yunwa da annoba, dabbobinsu kuwa suka ƙare kusan ƙaf. A Janairun 1931 aka ci Kufra. Sannan Graziani, janar ɗin Italiya, ya shimfiɗa waya mai ƙaya tsawon kilomita 270 daga bakin teku har Jagbub, don kada ko mudun gari ya shigo daga Masar. Sai bayan duk wannan aka kama dattijon, ranar 11 ga Satumba 1931, dokinsa ya faɗi da shi. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Wato kifi suka janye wa ruwa." Na ce ƙwarai.

Shi ya sa, in an tambaye ni, wurin da ya fi nauyi a fim ɗin ba fagen fama ba ne. Wurin sansanin ne, inda Akkad ya cusa tsofaffin hotuna na gaske, baƙi da fari: tantuna jere iya ganinka, waya ta kewaye su. Minti kaɗan ne cikin fim na kusan awa uku. Na san dalili, fim yana son gwarzo guda da mugu guda. Amma matar da ta tura wa mayaƙa abincin 'ya'yanta, ta mutu a Agaila ba a san sunanta ba, ita ma ta yi yaƙin.

La'asar sakaliya aka dawo da wuta muka ƙarasa. An yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka a Bangazi, washegari 16 ga Satumba aka rataye shi a Suluk, yana da shekara sama da 70, aka tara mutum wajen 20,000 su gani da idonsu. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ce ba kallo take yi ba, amma na ga tana goge fuska da gefen mayafi.

Yaron ne ya yi tambayar da ta hana mu tashi: "Baba, shi wannan janar ɗin an hukunta shi?"

Na ce masa ai daga Libiya ƙarin girma ya samu. Da Mussolini ya mamaye Habasha a 1935 Graziani yana cikin manyan kwamandoji, har ya zama wakilin sarkin Italiya a can. Ranar 19 ga Fabrairu 1937 wasu samari biyu suka jefa masa gurneti a Adis Ababa. Bai mutu ba, amma aka yi kwana uku ana karkashe mutanen gari ana ƙona gidaje. A watan Mayu aka je gidan ibadar Debre Libanos aka harbe limaman Kirista da almajiransu. Bayan yaƙin duniya Habasha ta nemi a gurfanar da shi, ba a yi ba. Kotun Italiya ta yanke masa shekara 19 a 1950, amma don ya haɗa kai da Jamusawa, ba don abin da ya yi a Afirka ba, kuma 'yan watanni ya yi aka sake shi. Ya mutu a 1955. A 2012 har gini aka yi don tunawa da shi a garin Affile. Akwai ma wanda fim ɗin bai haska ba, Badoglio, gwamnan Libiya na lokacin, wanda daga wurinsa umarnin kwashe mutanen ya fito. Shi kam firaminista ya zama a 1943. Yaron ya ce, "Tab!" ya tashi alwala.

Bayan isha ina gyaran takardun ɗalibai, hankalina ya tafi kan finafinan da na gani na sojan Italiya a tsibiran Girka, Mediterraneo da ya ci kyautar Oscar, da Captain Corelli's Mandolin. A cikinsu sojan Italiya mutumin kirki ne, mai kiɗa da ƙwallo da soyayya, wanda yaƙi ya zo wa a ba-zata. Na ji daɗinsu lokacin da na kalla, yau kuwa sai suka tsaya mini a wuya. Wannan hoton na soja mai sanyin hali shi Italiya ta fi son gani, domin a 1982 hana nuna fim ɗin Umar Mukhtar ta yi, wai ya zubar da mutuncin rundunarta. Sai a 2009 wata tashar talabijin da ake biyan kuɗi a kalla ta nuna shi, lokacin da Gaddafi ya sauka a Rum da hoton kama dattijon maƙale a ƙirjinsa. Shi ma Gaddafin ba don Allah kaɗai ya yi ba. Ya ɗauki gwarzon ya rungume, ya danne ɗariƙar Sanusiyyar da ta raine shi, domin Sarki Idris da ya hamɓarar a 1969 shugabanta ne. Alhali a zawiyarsu ta Jagbub Umar ya yi karatu, su suka tura shi arewacin Cadi ya koyar, ya kuma gwabza da Faransawa tun kafin Italiya ta zo.

Kawu ya shigo neman maganin sauro, na ba shi labarin cewa a 2008 Berlusconi, firaministan Italiya na lokacin, ya je Bangazi ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin dala biliyan 5 cikin shekara 20. Ya tsaya da ashana a hannu ya ce, "Jikokin waɗanda suka mutu a cikin wayar nan aka ce za a ba?" Na ce a'a, ayyuka aka ce, har da babbar hanyar mota a bakin teku, kuma kamfanonin Italiya ne za su yi. Ya ce, "To, Allah ya kyauta. Ka tashe ni da asuba."