Inda na ji tsoro daban, inda ƙarfen ya riƙe ni daban

Ɗan yayata ne ya ja ni. Shekararsa 14, ya hau jirgin lilon nan da ake kira rola kosta ya fi a ƙirga, ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa ba. Muna cikin layi ina kallon yadda dogon ya miƙe sama ya naɗe kamar zobe, mutane ƙafa sama kai ƙasa suna ta kururuwa, sai na ce masa, "Kai, in ƙarfen nan da ke riƙe mutum a kujera ya buɗe a can sama fa?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba a can ake buƙatarsa ba." Na ɗauka surutun yara ne.

Da muka zauna na jawo ƙarfen da ke saukowa ta kafaɗu, yana ƙas-ƙas-ƙas, na bar shi daidai inda nake shan iska son raina. Ma'aikaciyar ta zo ta danna shi da hannu biyu, ya ƙara ƙas ɗaya, ya zauna daram a kan cinyata. Ta ɗaura ɗan bel ɗin da ke tsakanin ƙafafu, ta jijjiga, ta wuce. Har raina ya ɗan sosu, don a ganina matse ni ta yi. Ashe ƙarar nan haƙoran makulli ne, yana sauka amma ba ya komawa sama, sai an sake shi a tasha. Ko wuta ta ɗauke a hanya, a kulle yake zama. Wasu jiragen kuma makullinsu da mai yake aiki, irin na jak ɗin mota, shi ya sa ba a jin ƙararsu.

Gangaren farko ba zan iya bayaninsa ba, idona a rufe yake. Amma da muka shiga zoben na buɗe. A gindinsa jikina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhu, kumatuna suka ja ƙasa. Sai ga ƙasa ta koma sama, ni kuma ina manne da kujera, kafaɗata ko taɓa ƙarfen ba ta yi ba. Duk wanda ya taɓa wulwula bokitin ruwa da sauri bisa kansa bai jiƙe ba ya san abin. Jirgin yana lanƙwasawa da sauri fiye da yadda jikinka zai faɗo, saboda haka kujerar ce ke ta tura ka.

Daga baya na lura zoben ma ba da'ira ba ce sosai, ya fi kama da ƙwai, faɗi a ƙasa, matsattse a sama. Akwai dalili. Zoben jirgin Flip Flap da aka buɗe a Coney Island ta birnin New York a 1895 da'ira ce cif, kuma mahaya sun riƙa saukowa da ciwon wuya, don gudun da ake buƙata a kai sama yana murƙushe mutum a ƙasa. Injiniyan Jamus Werner Stengel ne ya tsara lanƙwasa mai matsewa a hankali, aka yi amfani da ita a jirgin Revolution a Kalifoniya a 1976. A ƙasa, inda gudu ya yi yawa, kwanar tana da faɗi. A sama, inda jirgin ya rage gudu, sai ta matse don ka ci gaba da mannewa.

Inda ƙarfen ya yi aikinsa wani ɗan tudu ne da ban ko kula da shi ba daga layi. Jirgin ya haye shi ya dulmiya, ni kuma jikina ya so ya ci gaba da tafiya sama. Na tashi daga kujera ɗungurungum, cinyata ta bugi ƙarfen. A nan na tuna ƙas ɗin da baiwar Allah nan ta ƙara mini. Shi kansa jirgin ma a nan yake son barin dogo, abin da ke hana shi tayoyi ne da ke riƙe da dogon ta ƙasa, dabarar da wani Ba'amurke mai tsara irin waɗannan jirage, John Miller, ya yi wa rajista tun 1919.

Kuskurena biyu. Na miƙo kai gaba don in ga abin da ke zuwa, wata murɗiya ta gwara kunnena da ƙarfen kafaɗa, ya yini yana zafi. Tabarau kuma da na cusa a aljihun riga, bayan an ce a ajiye komai a akwati, har yau ban san inda ya sauka ba. Abin da ya fi damuna shi ne akwai mutane a ƙasa.

Muna fita na ga wani uba yana jayayya don an auna ɗansa an ce tsawonsa bai kai ba. Da a ce da safe ne, da na goyi bayansa. Yanzu kuwa na san ƙarfen a kan cinya yake kamawa, jikin da bai cika shi ba zai iya sulalewa a irin tudun nan.

Zagaye na biyu na jingina ƙeya da kujera, na danna ƙarfen da kaina har ƙasa, idona a kan dogo. Yaron ya ce saura jirgin The Smiler na Ingila, mai kifa mutum sau 14. Na ce masa ya bari kunnena ya huce tukuna.