Wasiƙa daga Ayowa: minti ɗaya aka ba ni ranar Litinin

Assalamu alaikum jama'ar gida, musamman 'yan majalisarmu ta bakin mai shayi a Tudun Wada, da Kawu, da Yaya Babba, da duk wanda wannan ta iske. Ya sanyi? Na san yanzu kowa ya nemo rigar sanyinsa yana ta ƙorafin hazo, to ku gode wa Allah, nan sai na yi minti goma ina kankare ƙanƙara a gilashin mota kafin in fita aiki.

Yau Asabar ce, 1 ga Fabrairu 2020, dare ya yi nisa, yara sun yi barci, ni kuma ina zaune a kicin da wata 'yar takarda da na soke na sake rubutawa ya fi sau goma. Jibi Litinin da ƙarfe 7 na dare zan miƙe a gaban mutanen unguwarmu, a ɗakin wasannin wata makarantar firamare a nan Des Moines, in yi magana a madadin ɗan takarar shugaban ƙasar Amurka. Minti ɗaya shugaban taron ya ce zai ba kowa. Ni da kuka sani, wanda in na fara bayani a majalisa sai shayin kowa ya huce ban ma gama shimfiɗa ba, wai ni ne zan yi magana a minti ɗaya.

Abin da suke kira kokas ke nan, wato taron fid da gwani na jam'iyya, kuma ba zaɓe ba ne irin na akwati da dangwale. Jam'iyya ce ke shirya abinta ba gwamnati ba. Jihar Ayowa tana da gundumomi 99, an yanka su zuwa mazaɓu ƙanana 1,678, a kowace mazaɓa 'yan jam'iyya za su taru a dare ɗaya, lokaci ɗaya, wasu a makaranta, wasu a coci, wasu a ɗakin karatu. In ba ka da rajistar jam'iyya za ka iya yi a bakin ƙofa, yaro ɗan shekara 17 ma zai shiga muddin zai cika 18 kafin babban zaɓen Nuwamba. Amma in bakwai ta buga ba ka cikin layi to sai dai ka ji labari, babu "ga ni nan a hanya" irin tamu. A ɓangaren Dimokurat inda nake, bayan jawabai sai kowa ya tashi da ƙafarsa ya je ya tsaya a kusurwar ɗan takararsa a ƙirga kawuna. Kawu, na san kana murmushi, ƙato bayan ƙato ne wallahi, irin na zamanin Babangida da SDP da NRC da kuke ba mu labari, a jera layi bayan hoto kowa na ganin kowa. Bambancin dai nan akwai hita a ɗakin kuma babu wanda ya zo da gora. 'Yan Rifablikan su takarda suke rubutawa a asirce bayan an gama jawabai.

Za ku ce me ya sa duniya ta damu da jihar masara da aladu mai mutum miliyan 3 da 'yan kai. Saboda ita ce ke fara buɗe fage tun 1972. Jimmy Carter, manomin gyaɗa tsohon gwamnan Jojiya wanda kusan babu wanda ya san shi, nan ya fara haskawa a 1976. Obama ma nan ya ci a Janairun 2008, a jihar da kusan kowa fari ne, daga ranar mutane suka fara cewa ashe abin mai yiwuwa ne. Deliget 41 kacal Ayowa za ta raba cikin kusan 4,000, ba yawan ba ne, wanda ya fara cin kasuwa da safe shi ake kallo.

Mutumina Bernie Sanders ne, tsohon nan ɗan shekara 78, sanatan Vermont mai farin gashi a hargitse. Yaya Babba zai ce dama ɗan gidan PRP ina zai je in ba wurin mai maganar talakawa ba, kuma ban musa ba, wanda ya tashi yana jin Baba na ba da labarin Malam Aminu Kano da yadda aka tsige Balarabe Musa a 1981 kunnensa ya riga ya saba da wani irin sauti. Tun kaka nake bin gida-gida ina ƙwanƙwasa ƙofa ranakun da ba ni da aiki, daga nan yaran ofishin kamfen suka ce ni zan zama kyaftin na mazaɓarmu. Kar ku ji kyaftin ku ɗauka wani abu ne, riga ce mai hoto da baji da takardar ƙirga mutane, sisi ba a ba ni ba, ni ne ma nake tura musu 'yan daloli in an yi albashi. Shi kuma mai gidan da sauran sanatocin da ke takara, irin su Elizabeth Warren da Amy Klobuchar, sun shafe kusan mako biyu a Washinton suna zaman shari'ar tsige Trump, ga shi ko yana gari ma ba zai rabu gida 1,678 ba. Don haka a ɗakinmu ranar Litinin bakina ne bakinsa.

Rubutun farko da na yi kirari ne zalla. Jini ba ya ƙarya. Gwarzo, mai gaskiya, wanda bai taɓa canza magana ba shekara da shekaru, gatan marasa gata, har na ji kamar in nemo mai kalangu. Na karanta wa maman yara, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, "Baban yara, shi Sanders ɗin zai zo wurin ne?" Na ce a'a. Ta ce "To wa kake wa wannan?" Na yi shiru, don ta gama da ni. A gida in mutum ya karɓi makirfo a Murtala Square ko ya shiga rediyo cikin sojojin baka, ba mu yake wa magana ba, mu shaidu ne kawai, kunne ɗaya yake nema, na uban gida, ya ji an wasa shi an zagi abokin hamayya, gobe a tuna da shi. Ni kuwa mutumina ba zai taɓa sanin sunana ba, ba zai ji abin da na faɗa ba, babu kwangila babu kujerar Makka. Masu ji na su ne matar da ke kallon gidana ta taga, da mutumin da ke ara min injin kwashe ƙanƙara, da malamar ajin 'yata. Kuma ranar Talata da safe zan sake haɗuwa da su a bakin titi.

Sannan akwai dokar kashi 15, wadda ita ce ta fi koya min ladabi. In aka yi ƙirgar farko, duk ɗan takarar da bai samu kashi 15 cikin 100 na mutanen ɗakin ba, a mafi yawan mazaɓu, rukuninsa ya rushe. A ce mutum 200 suka zo, sai kana da 30. In 28 gare ku to ko dai ku jawo wasu irinku ku cike, ko ku watse kowa ya koma wurin zaɓinsa na biyu, ko ya tafi gida. Bana kuma sun ƙara da cewa wanda rukuninsa ya tsallake a zagayen farko ya kafe ke nan ba zai motsa ba, kuma kowa zai cike kati don a samu shaidar takarda. To kun ga ainihin aikina ba a minti ɗayan nan yake ba, yana cikin 'yan mintocin da za a bayar na sake sheƙa, lokacin da zan tsallaka ɗakin in je wurin mutanen da nasu ya faɗi in ce ku zo mu tafi tare. Yanzu in na zagi ɗan takararsu da bakwai da rabi, da wace fuska zan je roƙonsu da takwas? Maƙwabciyata, wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, Klobuchar take so, ta faɗa min ƙiri-ƙiri cewa in tata ba ta kai ba za ta saurare ni za ta kuma saurari yaron wani ɗan takarar, Pete Buttigieg, wanda ya fi ba ta hujja shi za ta bi. Ba tsoron Allah ne ya hana su zage-zage a ɗakin ba, lissafi ne, amma dai ya hana.

Rubutu na biyu sai na cika shi da manufofi, inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dala 7.25 a awa inda ya tsaya tun 2009 zuwa dala 15, karatun jami'ar gwamnati kyauta, sauyin yanayi. Na sa agogon waya, minti uku da rabi. Kuma duk wanda ke ɗakin ya ji waɗannan a talabijin har sun ishe shi, tallan siyasa a nan ko ƙwallo kake kallo sai ya biyo ka.

Na uku shi ne wanda ke gabana yanzu. Labarin daren da numfashin autarmu ya sarƙe muka kwasa sai asibiti. A gida kun san yadda ake, a kawo kuɗin kati, a sayo safar hannu da allura kafin a taɓa mara lafiya. Nan ba a tambaye ni sisi ba, suka karɓe ta suka duba ta, alhamdulillahi ta warware, na dawo ina sa musu albarka. Bayan 'yan makonni sai ga ambulan a akwatin wasiƙa, kuɗin da ya haura albashina na wata guda, kuma ina da inshora fa, ana cire min duk wata. Na fi shekara ina biya kaɗan-kaɗan. Abin da zan faɗa ke nan, sunana, layin da nake, shekarun da na yi a unguwar, daren nan, da cewa na san ba ni kaɗai ba ne a ɗakin nan na taɓa buɗe irin wannan ambulan, sannan in ce shi ya sa nake tsaye a waccan kusurwar, duk wanda nasa bai kai ba akwai wuri. Daƙiƙa 55 in ban yi in'ina ba.

Sai jiya Juma'a labarin biza ya fito, wanda kuka cika min waya da shi. Eh gaskiya ne, gwamnatin Trump ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, tare da Eritiriya da Myanmar da Kirgistan, za a dakatar da bizar zama ta dindindin daga 21 ga wannan wata, Sudan da Tanzaniya kuma an cire su daga cacar biza. Bizar ziyara da ta karatu ba ta ciki, a daina yaɗa cewa an hana kowa shigowa. Amma mutanenmu da yawa a nan da suka cike wa iyaye ko mata takardu jikinsu ya yi sanyi. Na kwana ina tunanin in cire labarin asibiti in sa wannan, don shi ke ci min rai. Da safe na fasa. Duk 'yan takarar da ke ɗakin suna adawa da irin wannan doka, ba za ta raba nawa da na kowa ba, kuma in na yi ta za su tausaya min su tafa min sannan kowa ya koma kusurwarsa. Ni ba tafi na je nema ba. Ban ji daɗin wannan shawarar ba ko kaɗan, har yanzu tana min nauyi, amma na bar ta a haka. In wani ya tambaye ni a gefe zan amayar masa da duk abin da ke cikina.

Tambayoyin da za a jefo min ma na san su, don na sha su a bakin ƙofofi. Ya tsufa, ga ciwon zuciyar da ya kwantar da shi a Oktoba. Yana kiran kansa ɗan gurguzu mai bin dimokuraɗiyya, kalmar da ke firgita dattawan nan. Haraji zai ƙaru. Wanda ke jin daɗin inshorar wurin aikinsa ba ya so a taɓa masa. Sai babbar, wai zai iya kayar da Trump kuwa? Wasu ina da amsa, ta shekarun kuwa gaskiya ba ni da wata ta kirki, na yanke in ce haka ne ya tsufa, in wuce. Mutanen nan in ka yi musu kwana-kwana nan take suke ganewa.

Kuma kar wani ya karanta wannan ya ce nan aljanna ce. Ba a raba ambulan ga deliget a otal kamar yadda muke ji a namu zaɓen fid da gwani, amma kuɗi na aiki, ta talla da jirage da ma'aikata yake bi. Tsarin kansa yana zubar da mutane, mai aikin dare a mayankar nama, mai jego, tsohon da ba ya tuƙi cikin ƙanƙara, duk wanda ba zai iya ba da awa biyu a daren Litinin ba babu shi. Wanda kuma ba ya so maigidansa na wurin aiki ya ga inda ya tsaya sai ya zauna a gida. A 2016 da Hillary Clinton ta sha da ƙyar a hannun Sanders, akwai mazaɓun da aka yi kunnen doki sai da aka jefa kwabo sama. Bana dai sun buɗe ƙarin wurare sama da 80 don irin waɗannan mutane, har da masallatai a nan garin, abokaina da yawa can za su, ni ma na so, amma an riga an ɗora min unguwa.

Abin da ya rage shi ne harshe. Babbar 'yata ta zaunar da ni ɗazu tana gyara min P da F, wai Baba in ka rikice duk kalmar da ta fara da ɗaya sai ka fara ta da ɗayar, na ce shekara nawa ina haka kuma ana gane ni, ta ce ana ganewa amma ka rage gudu. Ta ja layi ƙarƙashin kalmomi uku ta ce in canza su da waɗanda bakina zai iya. Mun kuma yi gardamar kaya, ita tana so in sa rigar kamfen kawai, ni na ce kaftani da hula zanna zan sa in ɗora rigar a sama, ai sun saba gani na haka ranar Juma'a.

Bakwai na dare a nan ƙarfe 2 na daren Talata ne a Kaduna, don haka ban ce kowa ya jira ba. Yaya, ka dai faɗa wa Hajiya ta sa ni a addu'a in ta tashi tahajjud, kar ka tsaya yi mata bayanin kokas, ka ce mata kawai zan yi magana a gaban mutane. Bari in sake sa agogo in gwada sau ɗaya kafin in kwanta.

Naku,
ɗan Tudun Wada a Ayowa