Firaministan da na ƙirƙira ya kasa korar janar ɗinsa

Labarin sauti ne nake saki kashi-kashi a WhatsApp. Masu sauraro yawanci Hausawan Gadarif ne da Sinnar da Maiurno a ƙasar Sudan, sai 'yan uwa na Makka da Jidda. Jarumin firaminista ne na wata ƙasa da babu ita a taswira, yaƙi ya ɓarke yana kan kujera. Hawansa mulki ya tafi sumul. Inda labarin ya kusa mutuwa shi ne kashin da ya kori babban hafsan soja da takarda ɗaya, aka karanta ta a rediyo, janar ya tattara ya nasa ya nasa ya koma gida.

A daren saƙonni suka yi ta shigowa. Wani dattijo da ya gudo daga Singa ya ce, "Malam, ko mai gadin kasuwa ba a sallamarsa haka, balle mai tankoki." Kashin da ke biye duk an riga an naɗa su, an biya masu murya, kuma duk a kan korar nan aka gina su. Dole aka zubar. Har yau idan na tuna kuɗin sai raina ya sosu.

Mutanen nan tarihinsu suke karanta mini. Sadiƙ al-Mahdi ya zama firaminista a 1986 ana tsakiyar yaƙin Kudu. A Nuwamba 1988 abokin haɗakarsa a gwamnati, Mirgani, ya ƙulla yarjejeniya da John Garang, jagoran 'yan tawayen Kudu, a Addis Ababa, gwamnati ta dare a kanta. A Fabrairu 1989 hafsoshi suka miƙa wa Sadiƙ takardar gargaɗi, ranar 30 ga Yuni hafsan soja Umar al-Bashir ya kifar da shi. Firaminista Abdalla Hamdok kuwa soja suka tsare shi ranar 25 ga Oktoba 2021, aka mayar da shi a Nuwamba, ya ajiye aiki ranar 2 ga Janairu 2022. Wato a nan takarda daga bariki take zuwa ofishin firaminista. Ni na juya ta.

Yanzu kafin in rubuta kowane kashi ina da takarda mai layi uku ga kowane minista da kowane hafsa: wa ya kawo shi, me yake bin firaminista, me zai iya hana shi. Idan layi na uku babu komai, mutumin ado ne, a cire shi.

Ikon jarumin kuma na ɗauke shi daga jawabi na mayar kan rabo. Jirgin dizal ɗaya ya iso tasha a watan Yuni. Soja na so, masu tarakta na so kafin shukar dawa da riɗi a Yuli, gidajen burodi na so, janaretan asibiti na so. Ya ba soja, baɗi babu hatsi. Ya ba manoma, wani gari ya faɗa hannun abokan gaba, hafsoshi su ce shi ya sayar da shi. Wannan zaman majalisar ministocin ya fi duk wani fagen daga da na rubuta jan mutane, domin kowane ɗan Gadarif ya san abin da makara a shuka ke haifarwa. A kula da damina ma: baƙar ƙasar nan idan ta sha ruwa mota ba ta ratsa ta, don haka kada a tura runduna ta daji a Agusta ta isa da safe. Umarnin kansa ba lallai ya isa ba. Wanda ya ga ɗaukewar layukan waya a Fabrairu 2024, lokacin da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya tsaya aka koma layin Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, ba zai yarda firaminista ya ɗaga waya ya samu kowane gwamna ba.

Wani tarkon shi ne jarumin ya yi kama da wani na gaske. Na so in ba shi tsohon aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya, na fasa, tunda Hamdok da Kamil Idris, da su ma suka riƙe firaminista a Sudan, duk daga can suka fito, nan da nan za a ce da wane nake. Na mayar da shi tsohon lauya, ban faɗi garinsu ba.

Korar kuwa da na sake rubutawa ta ci kashi da yawa. Sai da ya biya rundunar janar bashin albashi, ya samu amincewar mataimakin janar a asirce, ya lallashi jam'iyyar da ke mara wa janar baya da kujerar ministan kuɗi, sannan ya yi masa tayin jakada. Janar ya karɓi takardar, ya sa a aljihu, washegari ya fito aiki da ƙarin motoci biyu a ayarinsa. Dattijon Singa ya aiko cewa yanzu ya gane ƙasar.