Talata: hazo, farantin sola da shaidar cewa ina raye

Ruwan butar da na manta a tsakar gida jiya da dare ya kwana ya zama kamar ƙanƙara. Na tsoma yatsa na janye, na tsaya ina shawara da zuciyata, sai ga Hajiya ta miƙo mini ruwan zafi daga filas ba ta ce uffan ba. A masallaci sahu biyu muka yi da ƙyar, kowa ya duƙunƙune a bargo. Liman gajerun surori ya ja, tari na amsa masa daga baya.

Da gari ya waye ko bishiyar darbejiyar bakin layi ba a gani sosai. Rana ta fito fara fat, kana kallonta ido da ido ba ta kashe maka ido. Hajiya ta share tsakar gida, ta goge tebur, kafin mu gama shan koko da ƙosai na rubuta sunana da yatsa a kan teburin nan. Ta ce, "Malam, ƙurar taka ta Chadi ta iso." Tsokana ce. Shekara 35 na yi ina koyar da labarin ƙasa, daga 1979 zuwa 2014, kuma duk hunturu sai na zana wa yara taswira a allo: ga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, ga iskar arewa maso gabas da ke kwaso garinsa ta ratsa Nijar ta sauke mana a Kano. Yaran sun manta, na tabbata. Hajiya da ba ta taɓa zama ajina ba ita ce ta riƙe, don ita ke sharewa.

Matsalar yau ta caji ce. An ɗauke wuta tun shekaranjiya, kuma solar da babban ɗana ya haɗa mana, faranti biyu da batir ɗaya, ta yi sanyi kamar mai ita. Fitila jiya tun kafin goma ta mutu. Da farko na zargi batirin, har na fara lissafin kuɗin sabo ina jin zazzaɓi. Sai na tuna ai farantin hasken rana yake ci, ga hazo ya rage hasken a sama, ga kuma ƙura ta lulluɓe gilashin a kan kwano. Na jawo tsani. Hajiya ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Malam, in ka faɗo wa zai karɓi fanshon?" Na mayar da tsanin. Yaron maƙwabta ne ya hau da bokiti da tsumma, ruwan da ya gangaro ta indararo kamar kunun kanwa. Kafin azahar lambar da ke jikin inbata ta fara motsi sama. Na ba shi ɗari biyar, ya ce ya yafe, na ce karɓi, gobe ma akwai hawa.

Dalilin damuwata da caji shi ne yau na sa ranar tantancewa. Masu biyanmu fansho suna so lokaci-lokaci mu tabbatar musu ba mu mutu ba, kuma yanzu ta waya ake yi. Jikata, amaryata ta wasa, ita ce injiniyar gidan. Tana dawowa daga makaranta ta karɓi wayar ta ce, "Angona, cire hular sanyin nan, na'ura ba ta san ka da ita ba." Na cire. Ta ce cire tabarau. Na cire, na daina ganin komai. Ta ce kalli nan, ƙifta ido, kada ka yi dariya. Karo na farko sabis ya gudu. Na biyu aka ce haske bai isa ba, muka koma bakin zaure. Na uku hoton ya fito, wani tsoho fari fat da fasasshen leɓe, ni kaina sai da na yi shakkar ko yana raye. Amma na'ura ta yarda. Amarya ta ce ladanta awara, na ce sadakin da na biya fa, ta ce ya ƙare tun bara.

Ba zan zagi abin ba, gaskiya. Na ga zamanin da ake tantancewa da ƙafa: ka ɗauko fayil da takardar kama aiki da ta ajiye aiki, ka yi sammako, ka bi layi a rana, tsofaffi na zaune a ƙasa wasu an riƙo su. Yau ina kan tabarmata aka gama. Abin da ke ɗan sosa mini rai kawai shi ne, ni da na koya wa dubban yara karanta taswira, sai 'yar shekara 13 ta riƙe mini haɓa ta juya mini kai. Lokacin da wayar salula ta shigo a 2001 na ɗauka kayan 'yan kasuwa ce. Ban taɓa kawo wa raina ita za ta zama shaidar numfashina ba.

Bayan la'asar na fita majalisa. Abokina da muka yi ritaya tare ya zo yana huci. Shi 'yar ƙaramar waya mai tocila yake riƙewa, don haka shago ya je a ɗauki zanen yatsansa, na'urar ta ƙi karɓa. Kaushi ya cinye zanen. Yaron shagon ya ce ya je ya shafa man kaɗanya ya dawo gobe. Muka yi ta dariya, shi kuwa yana cewa alli ya ci yatsan shekara talatin, hunturu ya ƙarasa. Wani ya ce a bar hunturu da alherinsa, manoman alkama a Kadawa addu'a suke sanyin ya daɗe, sauro ma ya yi ƙaura. Wani ya ce in hazo ya yi kauri mangwaro zai yi 'ya'ya. Wannan dai tun ina yaro nake jin ta.

Da dare Hajiya ta hura gawayi a kasko muka zauna a rumfa, ta dafa shayi da citta da kanumfari. Na sake ja mata kunne kada kaskon ya shiga ɗaki, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake ba a ji ba a gani. Ta ce ta ji, kamar yadda ta ce bara. Fitila har yanzu tana ci, ƙarfe goma da rabi. Dugadugaina sun yi faso, na shafa mai na sa safa. Ina jin iska tana kaɗa kwano, wato gobe da safe sai na sake neman yaron maƙwabta.