Rubutun da ke saman wata ƙofa a Dimashƙa

A katangar kudu ta Masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙa akwai wata tsohuwar ƙofa da aka toshe, kuma a jikin dutsen da ke samanta akwai rubutun Girkanci da Kiristoci suka sassaƙa, mai cewa mulkin Almasihu madawwami ne. Wurin haikalin gunkin Rumawa ne a da, daga baya ya zama cocin Annabi Yahya, har Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya rushe cocin ya fara gina masallacin a shekarar 706. An rushe cocin kam, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma fiye da shekara 1,300 ke nan ana salla a cikin ginin rubutun yana nan.

Ina yawan kawo wannan labari a zaman hira a nan Kaduna, garin da rikice-rikice suka sa yawancin Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kiristoci kuma kudancinsa, domin da wuya a sami wanda ya taɓa jinsa a ɓangarorin biyu.

A ganina, amfani da aka ci gaba da yi da waɗannan duwatsu shi ne ya tserar da su. Masallacin Ƙairawan na Tunisiya, wanda aka sake ginawa a 836, yana tsaye ne a kan ɗaruruwan ginshiƙan marmara da aka kwaso daga gine-ginen Rumawa da na Kiristoci. A Halab ta Siriya, cocin da aka mayar masallaci a 1124, wanda ya zama makarantar Halawiyya, ya riƙe kawunan ginshiƙansa, inda masassaƙin ya fitar da ganyaye duk sun kwanta gefe guda kamar iska na kaɗa su, ya kuma rarake tsakaninsu har inuwa ta shiga. Mu da muka gāji ginin tubali da zanen bango mun san irin haƙurin da wannan aiki yake ci.

Waɗanda aka bari ba mai shiga su suka fi ba ni tausayi. Cocin Faras na Nubiya, a arewacin Sudan, rairayi ne ya binne shi har masana daga Poland suka tono shi tsakanin 1961 da 1964, dab da ruwan madatsar Aswan zai shanye wurin. An raba abin da aka ceto tsakanin Warso da Khartum, kuma gidan tarihin Khartum ɗin an wawashe shi a yaƙin da ya ɓarke a 2023.