Ranar da na gano inda muryata take maƙalewa

Talata, da dare.

Yau na tashi da ciwo a gefen fuska, daidai gaban kunne, irin wanda nakan ji idan na kwana ina cije haƙora cikin barci. Ban damu da shi ba sai da na je darasin murya da yamma, inda na kasa haye wurin da waƙar take hawa sama, domin da zarar na tunkare shi sai muryar ta shaƙe kamar an matse mini wuya.

Malamina bai ce in ƙara ƙarfi ba. Gaban madubi ya tsayar da ni, ya ce in sake rerawa ina kallon haɓata, sai ga ta tana turowa gaba, kumatuna kuma sun yi tauri. Ya ce, "Ɗana, maƙogwaronka ba shi da laifi, muƙamuƙinka ne ya riƙe shi." Ya bayyana mini cewa tsokokin ƙarƙashin haɓa da tushen harshe suna haɗe da wani ɗan ƙashi a saman wuya, kuma a jikin ƙashin nan maƙwallato yake rataye, saboda haka idan muƙamuƙi ya ɗaure, sai ya ja maƙwallato sama, hanyar sauti ta ƙuntata.

Daga nan ya sa na ɗora yatsu a kumatu na cije, har na ji tsokar tauna ta kumburo, sannan na saki na riƙa murza ta a hankali. Zafin da na ji ya ba ni mamaki. Bayan haka na bar muƙamuƙin ya sauka da nauyinsa, kamar farkon hamma, kan harshe yana kwance a bayan haƙoran ƙasa, na rera wasulan a, e, i, yatsa ɗaya a kan haɓa don kada ta motsa. Wasalin i ne ya fi wahalar da ni, domin na saba damƙe baki kafin in furta shi, alhali harshe ne ke yin yawancin aikin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce idan mutum yana hutawa, leɓɓa a rufe suke amma haƙora ba sa haɗuwa, akwai tazarar milimita 2 zuwa 4 a tsakaninsu. Nawa kuwa yini suke a haɗe, musamman idan ina gaban kwamfuta, ban taɓa lura ba.

Ɗazu na gasa kumatuna da tsumma mai ɗumi, na sake gwada wurin nan sau ɗaya. Sautin ya fito siriri, bai kai ƙarfin da nake so ba, amma ya fito ba tare da na ji an shaƙe ni ba.